Ranar da Bawa Jita Ya Ƙi Motsa Baki

Duk wanda ya yi tuƙi tsakanin Katsina da Maraɗi a zamanin kaset ya san muryar Bawa Jita, ko da bai san fuskarsa ba. Su biyar ne a ƙungiyarsu ta waƙa, uku 'yan Jibiya, biyu 'yan Maraɗi, shi ke bayarwa suna amsawa. Akwai wata waƙar soyayya da ya yi wa Salmatu mai fura a Magama, wadda sai da ta kai direban babbar mota ba ya barin bakin iyaka sai ya kunna ta.

Daga baya mai ganga ya rasu. Ɗaya ya koma noma a Riko, na Maraɗi kuma suka daina ƙetarowa. Bawa ya rage shi da jitarsa. Ya kafa rumfar faci kusa da tasha, in babu taya a gabansa sai ya ɗauko jita ya shiga haɗa sababbin waƙoƙi: ta 'yan dako, ta shekarar da aka rufe iyaka, ta mutanen ƙauye da suka baro gonakinsu. Sai dai murya ta tsufa. Ta yi kauri, ta dushe, ba ta hawa inda take hawa a da. An daɗe ba a kira shi wasa ba, abin kuwa yana cin sa, ko da yake ba ya faɗa.

Rannan sai ga Alhaji Zunnuraini, shugaban direbobin tasha, wanda suka yi ƙuruciya tare. Zai aurar da ɗiyarsa Asma'u.

"Bawa, so nake ka yi mini wasa. In ya yi kyau, duk bikin direba a garin nan naka ne. Kuma ba wahala. Mai kayan sauti zai sa waƙar Salmatu, kai ka riƙe makirfo kana motsa baki. Haka yaran yanzu ke yi."

"In tsaya ina motsa baki kamar akuya na tuƙa?"

"Ka faye gardama, wallahi. Muryar nan taka ta zama salansar tsohuwar mota."

"Kai ma tumbin nan ba da shi muka san ka ba, Alhaji, amma ban ga ka bar shi gida ba."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya, ya tafi a kan an gama magana. Bawa kuwa ya koma kan facinsa. Ya san in wannan ƙofa ta rufe, babu wata.

Ranar biki, bayan la'asar, aka cika ƙofar gida. Aka miƙa masa makirfo, aka saki waƙar. Murya ta fito zaƙwai, ta saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, mata suka ɗauki guɗa. Bawa ya tsaya yana saurare. Ya ji hannun mai gangarsu da ke kabari, ya ji 'yan Maraɗi suna amshi. Bakinsa na rufe gam. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya kama, mutane suka fara duban juna.

Sai ya juya wajen mai kayan sauti. "Ɗana, kashe."

"Baba, Alhaji ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Kashe. Wanga yaro da ke waƙa ba ya nan, ni ne nan."

Ya gyara jita ya kama waƙar rufe iyaka, ta direbobin da suka yi watanni a gindin motocinsu har albasa ta ruɓe a baya. Da ya zo inda ake hawa, muryar ta tsage. Wasu samari suka fashe da dariya. Bai tsaya ba, ya sauko da ita ƙasa ya ci gaba. Matan da suka zo rawa suka shige cikin gida suna tsaki. Alhaji ya ɗaga hannu, aka katse makirfon.

Bawa ya ajiye shi a kan kujera, a hankali, don ba nasa ba ne. Ya matso gaban tsofaffin direbobin da ke kan tabarma, ya ƙarasa musu waƙar da bakinsa, baiti bayan baiti, har ƙarshe. Ba su tafa ba. Wani Habibu, da ya yi asarar lodi guda a waccan shekarar, ya sunkuyar da kai yana murza hula.

Daga ranar ba a sake kiran Bawa biki ba. Alhaji Zunnuraini ma wajen wani mai faci yake kai tayoyinsa yanzu, in sun haɗu a masallaci gaisuwa ce kawai.

Ranar kasuwa za ka same shi a rumfarsa da jita a cinya. In wani ya roƙi ta Salmatu, sai ya ce, "Tana cikin wayarka, je ka ji. In sabuwa kake so, zauna." Bana ya gama guda biyu, yana kan ta uku.