Baba Maharazu da Tsamiyar Gwajin Mota

Kullum da safe, kafin 'yan kwastan su ɗaga sandar kan iyaka, Baba Maharazu ya riga ya share gindin tsamiyarsa, ya jera sifanu a kan buhu. Shekara ashirin da biyu ke nan yana gyaran mota a nan Jibiya. Bana idonsa ya fara gajiya, ya ce da an yi ruwan shuka zai tattara ya koma gona. Kafin ya tafi, ya kamata a faɗi abin da aka gani.

Tun da arzikin mai ya zo, motoci suka cika hanyar Maraɗi, gareji ya yi yawa, kowa ya iya kwance inji. Shi Baba ba ya gaggawar kwancewa. Sai ya shinshina mota, ya saurare ta, ya yi ta yi wa direba tambaya har ya ƙosa.

Fatu mai fura, wadda take zama gefen tsamiyar, ita ta ga abin da ya faru bara da bazara. Ƙyanda ta ɓarke a ƙauyukan Gangara. Aka turo ma'aikaciyar lafiya, Malama Mariyamu, a cikin jif irin mai ratsa daji, da akwatin allurar rigakafi cikin ƙanƙara. Ƙanƙarar ba za ta wuce la'asar ba, in kuwa ta narke magani ya lalace, yara sun rasa. Da hantsi sai ga motar tana jan ciki, inji na ruri, tafiya babu. Direban, Kalilu, ya diro yana cewa farantin kuloci, mai haɗa inji da giya, ya ƙone, sai an aika Kano, kwana biyu.

Baba ya sunkuya ya shinshina. Akwai ƙauri, amma bai kai na farantin da ya ƙare ba. Ya jingina tsohuwar taya a jikin tsamiya, ya sa Kalilu ya kafa mata hancin motar, ya sa babbar giya, ya ɗaga ƙafa daga kan kuloci a hankali. Inji ya ci gaba da ruri abinsa. Baba ya ce lallai kuloci na zamewa, don da yana kamawa, tunda motar ba ta da hanyar wucewa, dole inji ya tsaya.

Daga nan ya danna abin taka kulocin da hannu, ya ji shi tauri tun daga sama, ba ya ɗan wasan nan na lilo ko kaɗan.

"Direba, wa ya taɓa nan?"

Kalilu ya sosa ƙeya. Ashe jiya aka ba shi motar, ya ji abin takawar yana ɗan lilo kafin ya kama, ya ji tsoro kada a ce shi ya ɓata motar gwamnati, ya sa sifana ya ɗaure notin da ke saita shi tam. Shi ke nan kuloci ya zama kamar an ɗora masa ƙafa tun daga Katsina.

"Sannu injiniya," in ji Baba. "Lafiyayya aka ba ka, ka yi mata magani."

Ya sassauta notin, ya auna wasan da kaurin yatsansa, ya ce a bar ta ta huce. Fatu kuwa ta jiƙa buhu ta lulluɓe akwatin magani. Da aka sake gwadawa a jikin tsamiyar, motar ta yi zillo, inji ya mutu nan take. Malama Mariyamu ta dafe kai.

"Baba, yanzu kuma ta mutu gaba ɗaya."

"Ɗiyata, ai mutuwar nan nike nema tun ɗazu. Hau ku tahi."

Ya ja wa Kalilu kunne, in sun shiga rairayi ya sa ƙaramar giya, ya janye ƙafarsa daga kan kuloci sarai. Kafin azahar suna Gangara. Malama Mariyamu ta gaya wa Fatu daga baya cewa ta yi wa yaro na ƙarshe allura da sauran ƙanƙara a akwati.

Baba, kai ne ka tsaya ka duba lokacin da aka ce a jira Kano. Kai ne mai jin ciwon ƙarfe da hanci. Yaran Gangara ba su san sunanka ba, ga su nan suna gudu a gonaki. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonka haske, ya albarkaci gonarka.

Ku kuma masu sababbin gareji, ku je ku zauna da shi kafin ruwa ya sauka, ku koyi dubawa kafin kwancewa. Tsohuwar tayar tana nan jingine da tsamiya, ya ce ba zai tafi da ita ba.