Ƙarafan Yaya a Wutar Baba

Shekarar da jami'o'i suka daɗe a rufe saboda yajin aiki, Yaya ya dawo ƙauyenmu da jaka ɗaya da wani gwangwanin madara. Ni lokacin na gama sakandare, ba abin da nake yi sai daka da noman gonar bayan gida. Taki ya gagari kowa, geron bara bai kai mu ko'ina ba, duk gidan fuska a murtuke.

A cikin gwangwanin akwai jan ƙarfe guda shida, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba, an naɗe su a auduga, an ɗiga wa kowanne alama da tawada. Binciken digirinsa na biyu ke nan gaba ɗaya. Ya taho da su ne don ɗakin gwajinsu yana yoyo, kuma ba mai leƙawa.

Ina tsintar wake ya zauna yana yi min bayani, ina ji da kunne ɗaya. Wai ƙarfe ƙwayoyi ne manne da juna, na wannan kuma ƙanana ne ƙwarai, sai da na'ura ake ganinsu. Malaminsa ya aika uku ƙasar waje an harba musu radiyeshin, wato tururin nukiliya da ido ba ya gani, uku an bar su yadda suke, kuma kusan shekara biyu aka yi kafin ukun su dawo. Idan an buɗe makaranta zai duba ko radiyeshin ya sa ƙwayoyin sun haɗiye juna sun girma. In sun girma, ƙarfen ya rage ƙwari, masu gina tashar lantarki ta nukiliya kuwa suna son su san haka.

Na ce, "Mu da ko lantarki ba mu da shi?"

Ya ce, "Ke dai ajiye min, sarkin surutu. Ba sa fitar da komai, ba za su cuce ki ba. Kada dai su sha zafi."

Ya tafi kasuwar hatsi ta Dawanau yana ɗinkin buhu a rumfar wani abokinsa. Na ɗora gwangwanin a kan taga na manta. Tsakiyar damina na buɗe, na ga danshi ya shiga, ƙarafan sun yi kore-kore. Raina ya ɓaci, ga ciyawa na jirana a gona. Baba maƙeri ne, maƙerarsa na ƙofar gida, don haka na dire masa gwangwanin na ce, "Baba, ga kayan ɗanka suna ruɓewa, ni na gaji." Na ɗauki fartanya na wuce. Maganar zafi ba ta zo min ba sam.

Baba ya yi musu abin da yake yi wa kowane jan ƙarfe da ya dafe. Ya kama su da awartaki ɗaya bayan ɗaya, ya sa a garwashi har suka yi ja, ya tsoma a ruwan tsamiya, ya goge da toka. Da na dawo suna ta ƙyalli, tawadar ta tafi.

Ranar Juma'a Yaya ya zo. Baba da kansa ya miƙa masa, yana murmushi.

"Duba, malam. Makarantarku ba ta iya wannan ba."

Yaya ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Baba, wuta ka sa su?"

"Kaɗan. Har suka yi ja dai."

"Wuta ma tana girmar da ƙwayoyin, Baba."

"Ai ni za ka gaya wa? Ƙarfen da ya wuce wuta, in ka karya shi cikinsa kamar tsaki yake. Wanda ya sami daidai kuwa kamar gari."

"To abin da zan auna ke nan. Yanzu duka shidan sun girma. Ba wanda zai iya raba aikin radiyeshin da aikin wutarka."

Baba ya gane nan take, ya ma riga ni. Ya zauna a kan kututturen da yake zama in zai yi zuga, ya ce, "Ba a gaya min ba." Bai kalle ni ba. Na ce ni ce ban faɗa ba, na ce kuma wa ke barin digiri a gwangwanin madara.

Da aka buɗe makaranta, malamin Yaya ya ce ba wasu ƙarafan, ba kuma halin sake aikawa waje. Ya ce Yaya ya zaɓi wani batu ya fara daga farko. Yaya ya yi sati uku yana zirga-zirga a bas, ya rame, sannan ya koma Dawanau gaba ɗaya. Yanzu yana da rumfarsa, yana sayen wake da riɗi. Bai taɓa ɗora min laifi ba, in ya zo gida har tsaraba yake yi min. Sau biyu na tayar da maganar, sau biyun yana cewa in kawo masa ruwa.