Gwaggo Kaltume, wadda ba ta yaye kowa ba

Bari in fara da wautata, tunda na san in ban faɗa ba, Yaya Falmata za ta faɗa ta ƙara gishiri. Ni ne na ba da aron hannuna a kan gorar zoɓo ɗaya mai ƙanƙara. Lokacin Yaya tana koyon gyaran farce a shagon Gwaggo Kaltume, ƙanwar babanmu, can unguwar Sabon Pegi a Lafia, tana neman wanda za ta gwada manna farcen roba a kansa. Na zauna, na sha zoɓona, barci ya kwashe ni. Ko da na farka, sai ga yatsuna goma sun zama na amarya, dogaye, ruwan hoda, har da ɗan dutse mai ƙyalli a babban yatsa. Ga shi da yamma ni ne gola a wasan unguwa!

Na ruga wurin Gwaggo. "Don Allah ki ba ni ruwan cirewa."

Ta kama hannuna ta juya shi sama da ƙasa. "Tsaya tukuna. Falmata, zo ki ga na tsakiyan nan, ya karkace kamar hanyar Awe." Sannan ta dube ni. "Kai kuma, ruwan cirewa ba a rijiya nake ɗebo shi ba. Sai gobe, in ga ko gam ɗin zai riƙe."

Ya riƙe kuwa. An zura mana ƙwallayen da har yau ba a gama jayayya a kan yawansu ba, kuma har gobe akwai masu kirana Hajiya Gola.

Ku da kuka san Gwaggo kun san wannan "tsaya tukuna". Ba wadda za ta miƙa mata hannu ta kama aiki kai tsaye. Sai ta riƙe yatsun, ta zura musu ido kamar mai duba shinkafa a kasuwa, ta ce, "Tsaya tukuna. Me hannun nan zai yi gobe?" In amsar ba ta yi mata ba, ko da buhun kuɗi kika zo, gajeren farce za ki samu.

Kun tuna Mama Terna, mai sayar da doya daga Agyaragu? Ana saura kwanaki Kirsimeti ta shigo da hoto a waya, farce zaƙo-zaƙo kamar na shaho.

"Madam, irin wannan nake so. Wannan shekara ni ma zan yi gayu."

"Wa zai ɓare miki agushi?"

"Yara yana nan."

"Wa zai daka sakwarar baƙi?"

"Haba Madam! Kuɗinka ne ko kuɗina?"

"Kuɗinki ne. Amma sunana ne zai shiga turmi."

Mama Terna ta yi fushi ta tsallaka titi, wani shago ya manna mata abin da take so. Washegarin Kirsimeti sai ga ta ta dawo, hannuwa a sama kamar wadda 'yan fashi suka tare. Farce uku sun karye, ɗaya ya ɓata a cikin miya, mijinta ne ya tsince shi a gaban surukai. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta dube ta daga ɗankwali har silifas, ta ce, "Tsaya tukuna. Wa ya ɗaura miki zanin nan?" Mama Terna ta ce da ƙaramar murya, "Baban Terna." A nan ne Gwaggo ta faɗo daga kan kujera don dariya. Ta cire mata sauran, ta gyara, suka zama ƙawaye, doya ba ta ƙara yankewa a gidanmu ba.

Tattali kuwa, kai! Auduga ɗaya Gwaggo za ta yage ta gida-gida har sai ka hango mutum ta cikinta. Na rantse akwai ƙullin audugar da ya ga ƙaramar Sallah ya ga babba. Kwalbar jan farce in ta ƙare ba a yar da ita, sai a kifa ta a kan taga ta kwana tana tunani. Injin busar da farce kuwa, ta ce ba ta saye. "Da wutar lantarkin da ke zuwa gaisuwa ta koma? Ga mafici, ga Falmata."

To, a nan matsalar take. Yaya Falmata ta gaji da fifita. 'Yan matan da suka fara koyo bayanta a wasu shaguna duk an yaye su, an yi musu ɗan biki da takarda da minaral. Wata ta kama shago a hanyar Shinge, wata tana bin gidajen amare a okada da akwatinta, aikin biki ɗaya ya fi abin da Gwaggo ke samu a mako. Ita kuwa Yaya tana nan, 'yar koyo, sai kuɗin sabulu. Babanmu ya ce shi ya gaji, in damina ta wuce ba a yaye ta ba, ta bar sana'ar ta je ta zauna a kantin abokinsa tana miƙa wa mutane madara da sukari. Yaya ta yi kuka, don ita farcen take so.

Ta gwada lallashi. "Gwaggo, mu riƙa ɗora hotunan aikinmu a waya, mutane su gani."

"Wayar tana da farce?"

"Gwaggo, haka ake samun kwastoma yanzu."

"Ni da baki aka san ni."

"To yaushe za ki yaye ni?"

"Tsaya tukuna."

Da Baba ya matsa, sai ta ce to, za a yi jarrabawa. Mun zaci amarya za ta kawo. Ina! Ranar kasuwa ta fita ta dawo da wani tsoho manomi daga Adogi, Baba Agbo, tana janye da shi yana cewa shi gishiri ya zo saya. Ya cire takalmi. Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan farcen ƙafa ba. Da shi kaɗai za a iya yin kunyar doya. Yaya ta jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ta sa almakashi, almakashi ya ce shi ba da shi ba. Ta ɗauko babba. Da guntun farko ya tashi, kwanon rufi ya buga, kazar maƙwabta ta bar unguwar. Amma fa ta yi aiki. Ta yanke, ta goge, ta kankare kaushi, ta shafa mai, ko ɗigon jini babu. Baba Agbo ya dubi ƙafarsa ya ce, "Wannan tawa ce?" Ya fita yana takawa a hankali kamar ta aro ce.

Duk muka juya ga Gwaggo.

"Hannunki ya ci," in ji ta. "Hancinki ya faɗi. Na gan ki kin yatsine lokacin da ya cire takalmi, shi ma ya gani. Mutum kafin ya miƙa miki ƙafarsa ya riga ya ji kunya. Ke za ki ƙara masa?"

Yaya ta shige bayan labule. Ni kaina ranar ban sami abin tsokana ba.

Ana cikin damina ciwo ya kwantar da Gwaggo. Yaya ce ta riƙe shago ita kaɗai, tana aiki tana lissafin ranar da za a tura ta kantin madara. Mata suka yi ta zuwa gida dubiya. Ina zaune a bakin ƙofa na ji wata malamar asibiti tana cewa, "Gwaggo, ki warke mana, dubi farcena."

Gwaggo ta yafito ta kusa, ta rage murya. "Ki je wurin Falmata. Ta fi ni hannu, hancin ma ya gyaru. Amma kar ki gaya mata, kanta zai kumbura."

Ta gaya wa Mama Terna haka. Ta gaya wa mai kitso, ta gaya wa matar liman, ta gaya wa mai kawo fura wadda ko farcen kirki ba ta da shi. Kowacce sai ta ce mata, "Kar ki gaya mata." A Lafia fa! Kafin magariba Yaya ta ji sirrin daga bakin rabin Sabon Pegi. Ta dawo gida ido jajur, ta zauna a gefen katifar tana matsa mata ƙafa. Gwaggo ta rufe ido ta yi kamar tana barci. Babanmu yana tsaye a tsakar gida, shi ma sirrin ya same shi tun a masallaci, kuma daga ranar bai ƙara ambaton kanti ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kaltume, ya sanyaya makwancinta, ya dubi yawan hannuwa da ƙafafun da ta riƙe ba tare da ƙyama ba, ya riƙe ta da rahamarsa.

Ba a yi bikin yaye ba, ba a ba da takarda ba. Ta rasu kafin a fara girbin shinkafa. Bayan sadakar bakwai Yaya Falmata ta buɗe shagon, ta sayi injin busarwa da ƙaramin janareta, yanzu 'yan mata biyu ne ke koyo a hannunta.