Fuskar da yayata ta dawo da ita daga birni

Shekarun baya, lokacin ina gida Yelwan Yauri na gama sakandare, ba ni da aiki sai kallon hotunan yayata a waya. Tana birni wajen mijinta, kuma duk hoton da ta turo sai in ga ta ƙara fari. Mu a gidanmu baƙaƙe ne wuluk, tun daga Inna har ƙasa. Ni kuwa sai na ɗauka zaman birni ne da sanyin ɗaki, har ranar da ta faɗa mini akwai wani haɗin mai da wata mata ke yi mata. Daga nan na ishe ta da roƙo. Duk wayar da muka yi, kafin in tambayi lafiyar yaranta sai na ce, "Yaya, kar ki manta da maina."

Da ta ce za ta zo ganin gida, ni na je tasha tarbarta, baki har kunne. Mota ta tsaya, mutane suka firfito, ban gan ta ba. Sai wata mata cikin niƙabi ta kama hannuna. Na fizge, na ce baiwar Allah lafiya? Ta ce, "Ke, ni ce." Yayata ba ta taɓa sa niƙabi ba. Na yi dariya na ce ashe an zama ustaziya. Ta ja hannuna muka kama hanyar gida.

A ɗakin Inna ta cire shi.

Wallahi ban san lokacin da na zauna ƙasa ba. Kumatunta sun yi ja kamar an yaye fatar, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Ƙasan idanunta da goshi sun yi baƙi ƙirin kamar an goga gawayi, ga ƙuraje har wuya. Inna ta saki faifan da ke hannunta tana salati, ta ce, "Ɗiyata, wuta tac ci ki?"

Yaya ta girgiza kai. Ta juyo ta dube ni, ta nuna fuskarta da yatsa ta ce, "Ga man da kika ce in kawo miki. Ki duba da kyau."

Ashe hotunan da nake ta lashe baki a kansu, hoda ce da gyaran waya. Ta ce in ta daina shafa man, fuskar ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi kamar an zuba barkono, in ta koma kuma abin ya ƙara ci gaba. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa kasuwa. Abin da ya sa ta baro birni shi ne ƙaramar 'yarta ta gan ta ba hoda ta fashe da kuka ta ƙi zuwa wajenta.

Maƙwabta suka kawo shawarwari iri-iri, wannan ta ce a shafa toka, waccan ta ce lemun tsami. Inna ta ce ba wanda zai ƙara ɗora wa fuskar nan komai sai likita ta gani. Likitar da muka samu ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce haɗin akwai magani mai ƙarfi a ciki da ke sirantar da fata. Ta tsara mata yadda za ta rabu da shi sannu a hankali, ta ba ta magani, ta hana ta shiga rana da sabulu mai kaifi. Ta ce idan jan ya lafa, ta nemi man 'ya'yan wardi, wanda ake rubuta rosehip a jikin kwalbarsa, ta fara gwada shi a hannu tukuna. "Ba zai sa ki fari ba," in ji ta. "Zai tausasa fatar, ya hana ta bushewa, tabon kuma ya rage a hankali. Kar ki sa ran ganin komai da wuri."

Mijinta ya aiko da shi a motar haya, wata 'yar kwalba baƙa da ba ta kai tsawon yatsa ba. Ni na buɗe, ina jiran ƙamshin fure ya cika ɗaki. Sai na ji wani wari kamar busasshiyar ciyawa, ga shi jajaja. Inna ta ɗiga a tafin hannu ta shinshina ta ce, "Wanga ai manja na! An cuce ku." Na goyi bayanta da ƙarfina, har ina cewa a mayar. Sai da muka koma muka nuna wa likitar, ta yi dariya ta ce haka na gasken yake, ba daga furen ake matso shi ba, daga ƙwayar 'ya'yan ne. Ta ce zafi na lalata shi. Zafin Yauri kuwa kun san shi, don haka Inna ta binne kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, kuma ba mai taɓa ta sai ita.

Farkon lamarin ba daɗi. Yaya ta sha kuka, sau da yawa ta ce gara ta koma wa tsohon manta. Inna kan zaunar da ita in rana ta yi sanyi, ta ɗiga mata ɗigo kaɗan ta shafa da kanta kamar jaririya. Fatar ta fara daina tsagewa, ɓawon da take yi ya tsaya, ta yi laushi. Baƙin tabon ya daɗe, amma gefensa ya riƙa dusashewa, launinta na asali yana dawowa yana haɗe shi. Damina ta shiga ta fita tana gida.

Wata ranar kasuwa Inna ta aike mu bakin ruwa sayen kifi. Muna tsaye ana sauke kwanduna daga jirgi, iska ta ɗage mata niƙabin, ita kuma ta bar shi a ɗage. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta ƙura mata ido. Na ce a raina yanzu za ta yi maganar tabo. Sai ta tafa hannu ta ambaci sunan Inna, ta ce, "Ke ɗiyatta ta, ko? Kamar an tsaga kara! Haka uwarki take da tana budurwa." Yaya ta tsaya da kifi a hannu tana dariya, hawaye na zuba.

Har yau akwai sauran tabo a kumatunta, kuma rana mai zafi tana damunta. Man bai yi abin al'ajabi ba. Ya taimaka wa fatar da aka daina cutarwa ta warke, kuma likita da haƙurin Inna sun yi nasu. Ni ma ina shafa shi lokacin da fuskata ta bushe. Abin da ke sa tsigar jikina tashi in na tuna shi ne, a lokacin ba abin da ya hana ni lalata tawa fuskar sai rashin wanda zai kawo mini man. Yayata ta koma ɗakinta baƙa kamar yadda aka haife ta, kuma ta ce tun daga ƙofar gida 'yarta ta rugo ta ɗare jikinta.