Rijiyar Kanaran da Tarwaɗarta

Duk wanda ya tashi a tudun nan namu na bayan Kuttiyadi ya sha ruwan Kanaran, ko ya sani ko bai sani ba. In ana biki, masu girki ba sa ɗora tukunyar payasam, kunun zaƙin nan na biki, sai an ɗebo musu daga rijiyarsa. Moidu mai shayi kuwa kullum da safe sai ya turo kekensa har saman tudu da tulunan roba, yana haki yana cewa shayin da aka dafa da wani ruwan ba shayi ba ne, ɗaurayar kofi ce.

Kanaran mai yankan marmara ne, gajere, mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar ɓawon kwakwa. Rabin gidajen ƙauyen da tubalin da ya yanka aka gina su. Rijiyar ma da hannunsa ya haƙa ta, a shekarar da ya nemi auren Ammalu, domin uwarta ta ce 'yarta ba za ta zauna a gidan da ake saɓa tulu a kwankwaso ana hawan tudu ba. Ya yi ta sara har ya kai idon ruwa. Ya shimfiɗa katakon nelli a ƙasa kamar yadda masu hali ke yi, itacen nan da in ka ci 'ya'yansa ka kora da ruwa sai ruwan ya koma zuma a bakinka. Sannan ya jefa 'yar tarwaɗa ciki don ta riƙa cinye ƙwari. In ta tsufa ta mutu, a sa wata. Kowa a nan ya san aikin kifin rijiya: ranar da ka ga ya juya ciki sama, kada ka sha.

Ranar da aka kawo Ammalu, kafin ta taka ɗaki sai da aka kai ta bakin rijiya ta ja gugan farko. Ta kamfata da tafin hannu ta sha. Dangin ango suka zuba mata ido.

"Yaya?" in ji Kanaran, ya manta cewa ango ba ya magana a irin wannan wuri.

Ta goge baki da gefen zanenta. "Ba laifi."

Sama da shekara arba'in yana yi mata gorin wannan kalma. "Na haƙa wa mace rijiya har ƙirjina ya kusa fashewa, wai ba laifi!" Duk da haka abin ya zame musu kamar gaisuwa. Kullum da safe ta ja gugan farko ta kamfata ta sha, shi yana zaune a baranda ya ce "Yaya?" ita kuma ta ce "Ba laifi," sannan gari ya waye musu. Sauran gidaje suna tafasa ruwan sha da ɓawon itace har ya yi ja. A gidan Kanaran ba a tafasawa. Ya ce wanda bai yarda da rijiyarsa ba shi ke dafa ruwa kamar nama.

Ramin salgar ma shi ya haƙa, lokacin da aka matsa wa kowane gida ya yi bandaki. A lokacin ya riga ya sayar da rabin filin na ƙasa ya yi wa 'yarsu Sumati zinaren aure, saboda haka babu inda ya rage sai wata kusurwa da ke sama da rijiyar, taku kaɗan tsakaninsu. Ya jera marmara ba siminti. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa cikin dutse ba wanda zai koya masa inda ruwa ke bi. Shekaru suka wuce lafiya lau, har shekarar babbar ambaliya, da ƙasar tudun ta jiƙe ta motsa. Bayan ruwa ya janye, ma'aikatan lafiya suka bi gida gida da 'yan kwalabe suna ɗibar ruwan rijiyoyi.

Subaida, kansilar unguwarmu, ita ta hau tudun da sakamakon. Yarinya ce a wurinsa, a gabansa aka yi sunanta.

"Yaya Kanaran, maganar ruwan nan ce ta kawo ni."

"Zauna tukuna, kin sha rana. Ammalu, ba ta ruwa."

"A'a, na gode, azumi nake."

"A wannan watan?"

"Ramuwa ce," in ji Subaida, ta kawar da ido.

Ta faɗa masa a hankali, kamar mai taka ƙaya. Ramin salga ya tsage ta ƙasa, yana tsiyaya cikin rijiya. Majalisar ƙauye ta ware kuɗi bana don masu katin abinci na talakawa: a gina musu sabon tanki na siminti nesa da rijiya, a yashe rijiyar a gyara bangonta. Gurbin ba shi da yawa. Kuma kamar kowane tallafi, a taron unguwa ake zaɓa. Mai bukata ya tashi ya faɗi bukatarsa da bakinsa, jama'a su ɗaga hannu.

"In tashi in ce me?"

"Ka faɗi abin da ke akwai."

"In tsaya gaban mutanen da suka sha ruwana a bikin 'ya'yansu, in gaya musu abin da suka sha?"

Ya miƙe ya ce ta biyo shi. A bakin rijiya ya buga tafi, ya jefa ɗan gutsuren shinkafa. Daga can ƙasa wani baƙin abu ya taso ya kaɗa wutsiya.

"Ga likitana nan. Kin ga alamar ciwo a jikinta?"

"Yaya Kanaran, tarwaɗa fa ko a kwata rayuwarta take."

"Ta kwata daban, tawa daban. Akwai nelli a ƙasa, ke. Ubanki ya taya ni sauke shi, je ki tambaye shi."

Da yamma Sumati ta bugo waya daga Kozhikode, inda take aure take kuma aiki a shagon sayar da yadi. Ba a san wanda ya kai mata labari ba, sai dai Ammalu ta ba tukunya hankalinta sosai a lokacin.

"Baba, zan faɗa maka sau ɗaya. In ba a gyara rijiyar nan ba, zan zo in ɗauke Inna. Kai ka zauna da kifinka."

Wannan ita ce maganar da ta shige shi. Ammalu ba ta taɓa kwana a wani gida ba tun da aka kawo ta, in ban da wankan jego. Ranar taro ta goge masa farin zanensa da rigar da yake zuwa biki da ita, ta raka shi har bakin shinge.

"Kana ji? Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce rijiya tana son gyara, ka zauna."

"Na ji."

"Kada ka biye wa kowa."

"Na ce na ji, ke!"

A makarantar firamare aka yi taron, manya sun takure a kan bencin yara, gwiwoyinsu kusa da haɓa. Magana ta riga ta zaga ƙauye. Moidu ma ya kwana biyu bai hau tudu ba, wai gwiwa ta matsa masa. Aka yi maganar akuyoyi, aka yi ta rufin gidaje, sannan Subaida ta zo kan rijiyoyi da salga. Ta kira sunan Kanaran da fara'a, don ta sauƙaƙa masa.

Ya miƙe. Ya gyara zanensa. Ya buɗe baki ke nan sai muryar Moidu ta taso daga baya:

"Kai jama'a! Ashe shi ya sa shayina ya fi na kowa kauri!"

Ajin ya ɗauka da dariya. Wata tsohuwa har da buga tebur. Moidu bai nufe shi da sharri ba, tare suka yi ƙuruciya, kuma daga baya ya rantse cewa so ya yi a yi dariyar a wuce wurin don abokinsa ya samu bakin magana. Amma Kanaran yana tsaye yana kallon haƙoran mutanen da ya shayar a kowane rani, matan da suka yi layi a tsakar gidansa da tuluna lokacin da tasu rijiyar ta ƙafe. Ya jira har dariyar ta lafa.

"Fitilar kan hanyarmu ta tudu ta mutu," ya ce. "Abin da na zo faɗa ke nan."

Subaida ta dube shi. "Yaya Kanaran, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Babu wani abu kuma?"

"In akwai ai da na faɗa."

Aka ba wasu gurbin. A gida ya ce wa Ammalu sun ce sai baɗi, ya ce ta gaya wa Sumati an sa su a layi. Ammalu ta ninke farin zanen ta mayar akwati.

Daga ranar ta shiga dabara. In ya fita, sai ta sauka famfon gindin tudu ta ɗebo na girki ta ƙofar baya. Na shansu ta tafasa ta bar shi ya huce a tulun ƙasa, don kada ya ga tururi. Abu ɗaya ne ba ta iya yi wa dabara ba: gugan farko na safe, wanda yake zaune a baranda yana kallo. Yanzu ma ya fi ɗaga murya, yadda maƙwabta za su ji ta bayan shinge.

"Yaya?"

"Ba laifi."

Ya ga lokacin da ta fara jinkiri kafin ta kai hannun baki. Ya gani, bai ce ta bari ba.

Da rani ya tsananta ruwan ya ja ƙasa, ya yi nauyi. Ammalu ta fara barin shinkafarta a faranti, ta ce kasala ce. Wata safiya ta ɗago daga gugan, rana ta haska fuskarta, sai ya ga farin idonta ya koma kamar an jiƙa shi da kurkum. Shawara ce, kuma ta kama tsohon jiki. Ta daɗe a asibiti a Kozhikode. Ta tashi, amma hantarta ba ta koma daidai ba, likita ya ce sai ana ganinta a kai a kai, kuma hawan tudu ya ƙare mata. Sumati ba ta yi faɗa ba. Ta zo da mota ta kwashe kayan uwarta, har da ƙaramar fitilar tagulla da take kunnawa da magariba. A bakin ƙofa ta tsaya.

"An gyara muku fitilar hanyar, Baba?"

Ya juya ya koma baranda.

Da taron shekara ya zagayo, bai jira a kira sunansa ba. Ana cikin maganar akuyoyi ya miƙe, da zanen da ba wanda ya goge masa.

"Ramin salgata ya tsage. Ƙazanta tana shiga rijiyata. Ni na haƙa shi a inda bai kamata ba. An gaya mini bara, na ƙi ji, matata ta sha ta kwanta. Ba ni da halin gyarawa. Ku taimake ni."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Moidu ya ɗaga hannuwansa duka biyu, Subaida ta ce ɗaya ya isa, ya ƙi saukewa.

Aka gina sabon tankin a ɗan lungun da maƙwabcinsa ya bar masa ta ƙasa da gida, aka cike tsohon ramin. Ranar yasar rijiya, da injin ya zuƙe ruwan, masu aikin suka fito da tarwaɗar cikin kwando. Ta kai kaurin damtsen mutum, sai sheƙi take. Bai taɓa ganin kifin rijiya ya yi irin wannan ƙiba ba. Moidu yana wurin, ya buɗe baki, ya dubi abokinsa, ya rufe. Katakon nelli kuwa ya fito baƙi ƙirin, yana wari, sai da suka ɗaure hanci. Suka tambaya ko a wanke a mayar. Ya ce su kai shi can baya su ajiye. Tarwaɗar ya ɗauka da kansa ya sake ta a rafin gonar shinkafa.

Aka shafe bangon da siminti, aka zuba magani, aka rufe bakin da raga. Da ruwa ya taru aka sake gwadawa, Subaida ta hau tudun da kanta, ta ja guga, ta sha a gabansa.

Washegari ya cika kwalba ya hau bas zuwa Kozhikode, ya rungume ta a cinya duk tsawon hanya. Ammalu tana zaune kusa da taga a saman bene, ta rame, gashinta ya yi fari fat. Sumati ta karɓi kwalbar.

"An gwada," ya ce. "Kansila ma ta sha."

"Na ji, Baba." Ta wuce kicin ta tafasa.

Suka zauna suna jiran ya huce. Ta tambaye shi ayabar da ke bayan gidansu, ta tambayi wanda ke yi masa girki, ta ce rigarsa ta rasa maɓalli. Da aka kawo ruwan a kofi, ba ta kai kofin baki ba. Ta tsiyaya a tafin hannunta, rabi ya zube a zanenta, ta sha sauran.

Kanaran ya matso kusa da ita.

"Yaya?"

Ta dube shi ta ɗan jima. Sannan ta yi masa irin murmushin da ake yi wa baƙon da ya zo dubiya.

"Da daɗi sosai," ta ce.

Kanaran ya sunkuyar da kai. Ya so ƙwarai ta ce ba laifi.

Yana nan har yanzu a tudun. Famfo ya iso gidaje, masu girkin biki sun koma sayen ruwan tanka, Moidu ne kaɗai ke turo kekensa, da gwiwar tasa da yanzu take ciwo da gaske. Kullum da safe Kanaran yana ɗage ragar ya ja gugan farko. Yakan tsaya da shi a hannu na ɗan lokaci yana kallon baranda, sannan ya kai wa ayaba.