Don Eleuterio da Murfin Injinsa na Ƙarshe

Duk mai aiki a rumfunan ƙananan jirage na garin Trinidad ya san ƙarar babur ɗin Don Eleuterio Moye. Ƙarfe shida da rabi yake shigowa, yana tari yana hayaƙi, har ana tsokanar mai shi cewa bakaniken jirgin sama ya kasa gyara abin hawansa. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Babur in ya mutu sai ka sauka ka tura. Jirgi fa?" Ya jingine shi gindin mangwaro, ya kwance masakon da matarsa Doña Casilda ta daka masa, wato rogo da busasshen nama, ya ci, ya kora da baƙin kofi a tsaye. Sannan ya shafa aljihun rigar aikinsa ya ji ko jan-bakinsa na nan. Jan-baki dai na mata, wanda kuka sani. Shekara arba'in da ɗaya kenan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ya sa na ce bari in yaba masa tun yana ji, don mu mutanen nan mun fi iya yabon mutum bayan an binne shi.

A nan lardinmu na Beni, in kogin Mamoré ya cika ya shafe hanyoyi, ƙaramin jirgi shi ne motar haya, shi ne motar asibiti. Matuƙa ake ɗauka hoto. Wanda ya yini cikin baƙin mai don jirgin ya tashi, ko sunansa ba a tambaya.

Abin da baƙo bai sani ba shi ne, Don Eleuterio na tsoron hawa jirgi, tsoro na gaske. Amma tun yana saurayi ya ɗaukar wa kansa alkawari: duk jirgin da ya buɗe ya rufe, ba zai sa hannu a takardarsa ba sai in da shi za a yi tashin gwaji. Mun sha ganinsa gefen matuƙi, ya rungume ledar amai, ya runtse ido tun kafin taya ta motsa, leɓe na rawa da addu'a. Ya sauko fuska kamar toka. In aka ce masa, "Wai wa ya aike ka?" sai ya goge baki ya ce, "Yaya zan ce wa ɗan wani hau, ni ina tsaye a ƙasa?"

A watan Fabrairun bana, ruwa ya kai inda ya kai, matuƙiya Kyaftin Nilda Arteaga ta sauka a wata gonar shanu, ta kashe inji ta shiga gaisawa. Wani bijimi ya ga hancin jirgin ya yi masa daidai wurin susa, ya sa ƙaho ya farke murfin injin. Da faci ta lallaɓo gida. Ƙauyuka uku ne a hayin kogi suke dogara da jirginta, ga kwalayen magani jibge a rumfa suna jira. Aka aiko da sabon murfi daga birnin Santa Cruz. A wannan makon kuma likita ya auna Don Eleuterio ya ce zuciyarsa ta gaji, kada ya sake hawa jirgi ko sau ɗaya.

Wanda bai sani ba zai ɗauka sabon murfi kamar hula ne, a ɗora a tafi. Ina! Ɓari biyu yake zuwa, na sama da na ƙasa, bakinsa da saura, babu huji ko ɗaya. Jirgin kuwa ya yi shekaru yana dira a ciyawa mai ramuka, ya karkace irin karkatar da shi kaɗai ya yi. Nan jan-bakin yake aiki. Don Eleuterio ya shafa shi a duk wani tudu na injin, ya ɗora murfin, ya danna, ya cire. Inda ja ya fito a cikin murfin, nan yake taɓawa, kuma abin da ke taɓawa a ƙasa gogawa zai yi a sama har ya ci rami. Sai ya ɗauki magagari ya rage kaɗan, ya sake shafawa, ya sake ɗorawa.

"Don Eleuterio, jirgin nan biki za shi?" in ji Nilda a rana ta biyu, tana kai-kawo kamar mai jiran naƙuda. "Kwalliya kake masa ko gyara?"

"Kyaftin, je ki sha kofi."

"Kofi na biyar kenan!"

"To sha na shida. Ƙarfe sau ɗaya ake huda shi."

Sau goma sha uku ya ɗora ya cire. Sai da ja ya daina fitowa, yatsansa ya shiga daidai tsakanin murfi da bayan farfela ta ko'ina, sannan ya huda. Ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya zura hannu ta ƙofar iska har gwiwar hannu, ya laluba robar ciki ya ji ta kwanta inda ya kamata, don in ta naɗe baya, injin zafi zai yi. Da hantsin rana ta uku ya gama. Ya wanke hannu, ya ɗauko ledarsa, ya nufi kujerar gefen matuƙi.

Nilda ta tare ƙofa. "Ba inda za ka. Doña Casilda ta gaya mini abin da likita ya ce."

"To ba zan sa hannu ba."

"Mutane na jiran magani!"

"Na sani. Matsa in hau."

"In ka mutu mini a sama in ce mata me?"

Haka suka yi cirko-cirko, mu kuma muka rasa bayan wanda za mu bi, don duka biyun suna da gaskiya. Ana cikin haka sai ga Doña Casilda a bayan ɗan acaɓa, da kwanon abincin rana. Ta saurari kowa, ta dubi mijinta.

"Tsoho, ka ɗaure shi ko ba ka ɗaure ba?"

"Na ɗaure."

"Da kyau?"

"Haba Casilda, yau kika san aikina?"

"To riƙe kwanon nan."

Matar da ko tsani ba ta son hawa, ba ta taɓa shiga jirgi ba a rayuwarta. Ta zaro jan-bakin daga aljihunsa, ta shafa a leɓenta, ta ce shekara arba'in tana saya, jirage na shafawa, yau sai ta ga inda ake kai shi. Ta kama hannun Nilda ta haye kujerarsa.

Mun ga hannunsa ya kai ga sukundireba. Ya yi taku biyu zuwa hancin jirgin kamar zai sake buɗewa, ya tsaya, ya dubi layin kusoshin nan. Sai ya mayar da sukundireban aljihu, ya karɓi takarda ya sa hannu. Wallahi nan idona ya ciko. Babu abin da zai ƙara, don aikin da ya yi wa mutanen da bai taɓa gani ba shi ne aikin da zai yi wa matarsa.

Jirgin ya ruga ya ɗaga. Don Eleuterio na tsaye a rana da kwano a hannu, ido a buɗe tar. Can ya ce, a hankali, "Ashe haka suke tashi." Shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa ganin tashin farko na jirgin da ya gyara ba, kullum yana ciki ido a rufe. Minti ashirin bai zauna ba. Da suka sauko, Doña Casilda ta leƙo ta taga tana dariya: "Tsoho, a kan wannan kake amai?" Shi kuwa sai ya buɗe murfin ya haska ciki, babu ja ko ɗigo. Kafin la'asar magani ya haye kogi.

Don Eleuterio, kai ne mai tsoron da bai taɓa fakewa da tsoronsa ba. Kai ne ka rufe ɗaruruwan injuna, ba a taɓa zuwa gidan kowa da mugun labari saboda hannunka ba. Akwai mata a hayin Mamoré da suka haihu lafiya, akwai waɗanda maciji ya sara suka iso asibiti da rai, ba su san fuskarka ba. A madadinsu muna cewa mun gode, Allah Ya ƙara wa zuciyar nan taka kwana. Doña Casilda, ke ma mun gode, har da jan-bakin.

Ku kuma da za ku gaji rumfar nan, da duk mai ɗaure abin da wani zai hau, ba sai kun sayi jan-baki ba. Kafin ku sa hannu, ku tambayi kanku ko za ku iya tsayawa a ƙasa da kwano a hannu, naku na ciki.