Abin da Kawu Sale Yake Tono

Duk wanda ya san Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya san shi da tsohon cokalin nan. Da an idar da sallar asuba sai ya tsuguna a tsakar gidanmu na Asawase yana tonon ƙasa da shi kamar kaza. Ka tambaye shi me yake nema, ya ce, "Abin da bai shafe ka ba."

Gidajen layinmu duk an yi musu siminti, namu kaɗai ke caɓi da damina. Ɗansa Awudu ya taɓa aiko buhu goma daga Tema. Kawu ya sa albarka, ya sa aka kai masallaci. Awudu ya bugo waya yana faɗa, Kawu ya ce, "Na sama maka lada, kuma kana yi mini tsiwa?"

Ranar da aka zo ja mana famfo kuwa, sai ya ɗauko rariyar matarsa, Inna Lami, ya zauna yana tankaɗe duk ƙasar da masu haƙa suka fitar. Inna ta ce, "Malam, da me zan tankaɗe garin tuwo?" Ya ce, "Yau a sayo wake da shinkafa." Mutumin da ko ƙosai ba ya yarda a sayo a waje!

A rariyar nan abin ya fito: ɗan ƙarfe kore shar, bai kai tafin hannun jariri ba. Ya goge shi da lemun tsami da toka, sai ga hoton bishiyar kwakwa, da 'yan kunnuwa biyu a baya. Rubutun ƙasan ya cinye.

Nan fa masana suka taru. Maƙwabcinmu Isifu, tsohon ɗan sanda, ya rantse nasu ne. Ɗana Rashid ya ɗauki hotonsa a waya, ya ce bajon hular sojan Turawa ne, amma ko na yaƙin duniya na farko ne ko na biyu, sai da rubutun.

Kawu ya ce, "Wayar taka ba ta san ranar ba?"

"A'a."

"To mayar musu da abarsu."

Muna cikin dariya ya ce, "Na biyu ne. Ranar Laraba, shekarar da haƙoran gabana suka zube. Ni na binne shi."

Ashe babansu, kakana, ya zo sallama ne za a kai su yaƙi ƙasar Bama. Kawu ya ji manya na cewa soja ba ya fita ba bajo a hula, sai ya cire ya binne don kada a tafi da baban. Baban ya birkita ɗaki, ya ce, "Sale, ka gani?" Ya ce bai gani ba. Haka ya tafi da hula ba bajo, bai dawo ba. Ruwa kuma ya share alamar da Kawu ya sa.

Ya ce, "Maganata ta ƙarshe da ubana ƙarya ce."

Wallahi na ji kunyar duk dariyar da na taɓa yi wa cokalin nan. Shi kuwa ya jefa bajon a aljihu ya ce, "Ku gaya wa Awudu ya aiko simintin. Gida sai ka ce gona."

Damina ɗaya ya taka simintin. Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da ubansa a Aljanna, ya samu ya gaya masa inda ya ɓoye.